Tarin da ya ci mutanen Ishash: gadonsa ake yi?

Jikan_Ishash:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga manyanmu ce, musamman waɗanda suka yi zaman Ishash Fallata, unguwar mutanenmu Hausawa da Fulani a Khartum, kafin a tashi unguwar a mai da mutane unguwar Ingaz. Tun da yaƙi ya fito da mu muna Gadarif, ni da mahaifiyata da ƙannena da kakata. Shekaranjiya da dare muna rakuba, wato rumfar tsakar gida, babu wuta, hira ta kai mu kan mamata, sai Kaka ta shiga lissafa mini mutanen layinsu da yatsa: mijinta na fari, ƙanensa, matar ƙanen, wani mai wanki da ke jikin katangarsu da 'ya'yansa mata biyu, da wani almajiri da ya sauka gidansu da niyyar wucewa hajji. Mutum bakwai cikin 'yan shekaru, kuma duk tafiyarsu iri ɗaya: tari, rama, zufar dare, daga baya jini. Na ce mata, "Kaka, ai tarin tibi ke nan." Ta ce in iya bakina, ciwon ƙirji ne, a gidansu ba a taɓa yin wancan ciwo ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan, an zo neman auren ƙanwata, sai muka ji wata gwaggon yaron tana cewa a bincika da kyau, gidanmu gidan tari ne tun Ishash. To ina so in ji daga bakinku. Haka ciwon ya yi ɓarna a sauran layuka, ko namu ne kawai? Kuma da gaske gadonsa ake yi?

Tela_Sajjana:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kakarka ba ta ƙara gishiri ba. A Ishash aka yanke cibiyata, a can na koyi taka keke. Ku da kuka tashi a Ingaz ba ku ga ɗakunanmu ba. Ginin jalus ne, wato na laka, wani ma buhu da kwali da langa-langa, tagar ba ta fi tafin hannu biyu ba, ita ma an cusa mata tsumma saboda guguwar ƙura ta habub da sanyin hunturu. Mutum takwas, mutum goma a ɗaki guda ba abin mamaki ba ne, don ba a korar baƙo. Duk wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a hanya, gidan ɗan garinsu yake nema ya sauka, wani wata uku, wani har ƙarshen ransa. Da asuba in ka fito alwala, tari kake ji ta kowace katanga. A shagon maigidana mu shida ne a kan kekuna, biyu da wannan ciwon suka tafi. Allah ya gafarta musu.

Yar_Kasala:
Amin. Mu ma a Kasala ba a kiran sunansa. Larabawa na cewa sull ko daran, mu kuwa sai a ce "ƙirji ne ya dame shi" ko "sanyi ya shige shi". In aka ce sull a gida, 'yan matan gidan sun shiga uku.

Mai_Agashe:
Ni kam a bar ni a kan gado ne. Gani ya kori ji. Na san gida a layinmu, uba ya mutu da shi, ɗa ya mutu da shi, bayan shekara ashirin jika ya tashi da shi, alhali lokacin ma an bar Ishash. In ba a jini yake ba, me ya biyo su har Ingaz?

Mumarrid_Madani:
Malam Mai_Agashe, ban ƙaryata abin da idonka ya gani ba, amma ba gado ba ne. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon ƙirji. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Wani likitan Jamus, Robat Kok, shi ya gano ta, ya sanar ranar 24 ga Maris 1882, shi ya sa har gobe ake ranar tibi ta duniya a wannan rana. Iska ke ɗaukar ƙwayar. Mai ciwon huhu in ya yi tari ko atishawa, ko ma magana, ƙwayoyin kan fito su yi ta shawagi a ɗaki na sa'o'i matuƙar ɗakin a rufe yake, wanda ke ciki ya shaƙa. To wa ke kwana ɗaki ɗaya da mutum in ba matarsa da 'ya'yansa da ƙannensa ba? Shi ya sa yake bin gida har a ɗauka gado ne. Ku koma ku duba lissafin Jikan_Ishash. Matar ƙane daga wani gida aka auro ta, almajirin baƙo ne, mai wanki maƙwabci ne. Wane jini ne ya haɗa waɗannan?

Mai_Agashe:
To in iska ce, matar kawuna shekara biyu tana jinyarsa, ita ke zubar da gwangwanin majinarsa, ta kai shekara casa'in ko tarin mura ba ta cika yi ba. Ita ba ta numfashi ne?

Dalibar_Likita:
Kawu Mai_Agashe, tambayoyinku biyu amsarsu ɗaya ce. Ba duk wanda ƙwayar ta shiga jikinsa ke kwanciya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ta. A mafi yawansu garkuwar jiki kan killace ta, ta kwanta lamo, ba ciwo, ba sa kuma shafa wa kowa. Cikin ɗari, biyar zuwa goma ne ciwon kan tashi musu a tsawon rayuwa. Abin da ke tashinsa shi ne raunin jiki: yunwa, ciwon suga, ƙanjamau, shan taba, tsufa. Matar kawunku mai yiwuwa ta shaƙa, jikinta ya fi ƙarfinta. Jikan da kuka ambata kuwa, yana iya shaƙa tun yana goye a ɗakin kakansa, ta kwanta masa shekara ashirin, ranar da jiki ya yi rauni ta farka.

DanMaiWurno:
Kafin a yi nisa, a gyara mini wani abu. A rediyo kullum "tarin fuka" nake ji, mu kuma a Mai Wurno fuka ita ce wadda ake ce wa azma, mai toshe numfashi da shaƙar ƙura. Kakana ya rayu da fuka shekara arba'in. Wannan ai ba ita ba ce.

Mumarrid_Madani:
Gaskiyarka. Fuka ta asali ita ce azma, ba a ɗaukar ta daga wani. 'Yan jarida ne suka saba ce wa tibi tarin fuka, sunan ya bi shi. Akwai kuma tarin shiƙa na yara, shi ma daban. Wannan cakuɗa suna ta cutar da mutane, don na sha ganin wanda ya yi wata shida yana shaƙa maganin azma alhali huhunsa tibi ke ci.

Hajiya_Ingaz:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke karanta mini, ita ke rubuta abin da nake faɗa. Maganar nan ban taɓa yin ta a bainar jama'a ba, amma tunda auren yarinya ake neman ɓatawa, zan yi.

An kai ni ɗakin miji a Ishash a 1979. Maigidana leburan kamina ne, wato inda ake gasa bulo, yana buga jan bulo a bakin kogi wajen Jiref, ya fita tun duhu ya dawo duhu, ƙura da hayaƙi har cikin gashin ido. Da tari ya kama shi kowa ya ce hayaƙin kamina ne. Da ya fara rama wandonsa na zamewa, surukata ta gane, amma ba ta furta ba. Sai ta ɗaura jan zare a hannun kofinsa, ta ware masa kwano da cokali, ta ce kada wanda ya taɓa, ta hana shi sa moɗa a tulu. Wallahi mun kiyaye kwanon nan kamar wuta. Amma da dare mu bakwai muke shiga ɗaki ɗaya da shi, a ja ƙyaure, a toshe taga, a turara masa garad, wato bagaruwa, har ba ka ganin na kusa da kai, wai kada iska ta buge shi. An yi masa rubutu ya sha, an kira wanzami ya yi masa ƙaho, aka kai shi wajen basir, mai maganin gargajiya, ya yi masa sakiya a haƙarƙari wuri uku. Sai ranar da ya yi aman jini a kan angareb, gadonmu na igiya, sannan aka nemi mota. Kwana tara ya yi a asibiti.

Ban gama takaba ba 'yata ta goye ta kama zazzaɓi, wuyanta ya sanƙare, ta bi ubanta. Ni ma na fara tari. Wani ƙanen mahaifina, Allah ya haskaka kabarinsa, bai saurari kowa ba, ya ɗauke ni ya kai ni asibitin ƙirji na Abu Anja a Omdurman. Aka gwada majina aka ce shi ne. Na sha allura, na sha ƙwaya shekara guda cur. A unguwa aka ce na tafi Madani wajen dangi. Na warke, na sake aure, na haifi shida, ga jikoki, babu ko ɗaya da ya taɓa yin wannan tari. In gado ne, ina nawa gadon ya tafi? Ka kai wa gwaggon yaron wannan magana, ka ce wata tsohuwa ce ta aiko ka.

Yar_Kasala:
Inna Hajiya, kun sa ni kuka. Allah ya jiƙan maigida da 'yar, ya sa masu ceto ne.

Mumarrid_Madani:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Abin da kuka faɗa shi na yi ta gani. Ta kwano da kofi da gaisawa ba a ɗaukar tibin huhu. Da surukarku ta bar masa kofin ta buɗe tagar, ko ta fitar masa da angareb rakuba inda iska ke wucewa rana na duka, da ta fi tsare gidan, don hasken rana na kashe ƙwayar. Ba laifinta ba ne, iya saninta ke nan. Jaririyar kuma, alamun da kuka ba da sun yi kama da tibin da ke hawa kan lulluɓin ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kama ƙananan yara. Irinsa ne allurar BCG ta jarirai ke karewa, mai barin tabo a hannu. Tun 1921 aka fara yin ta a Faransa. Ba ta cika kare babba daga tibin huhu ba, amma yaro tana tsare shi daga mai tsananin.

Malamin_Khalwa:
Bismillah. Akwai masu kafa hujja da hadisin "la adwa" su ce babu ɗaukar ciwo, don haka nisantar mara lafiya rashin tawakkali ne. Malamai sun yi bayani: abin da aka kore shi ne a ce ciwo na yaɗuwa da ikon kansa ba da izinin Allah ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce kada mai raƙuma marasa lafiya ya shigar da su cikin masu lafiya, ya ce in annoba ta sauka a gari kada na waje ya shiga, kada na ciki ya fita. Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, cewa ya yi muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ga waɗanda suka rasa nasu kuma, a cikin waɗanda hadisi ya lissafa da shahada akwai mai ciwon zatul janbi, ciwon gefen ƙirji. Muna yi musu kyakkyawan zato. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da jarrabawa abin gori har a hana aure. Mu ma masu khalwa, wato makarantar allo, sai mun duba kanmu, don ɗakin kwanan almajirai bai fi ɗakunan Ishash iska ba.

Baba_Gadarif:
Ku yara kuna ta maganar iska, kun manta ciki. Ni a ganina shekarun da tarin ya fi ɗibar mutane su ne na yunwa, 1984 da 1985, lokacin da mutanen Kurdufan da Darfur suka zubo Muwailih bayan Omdurman, ana rabon jar dawar Amurka da muke ce wa Rigan. Lebura ya wuni a kan shayi da gutsuren kisra, gurasar dawa. Sai ga ambaliyar Agustan 1988, gidajen jalus suka narke, gida uku huɗu suka koma ƙarƙashin tanti ɗaya. Bayan ruwan nan na yi zaman makoki ba adadi.

Na biyu kuma, a faɗi gaskiya, tsoron hukuma. Dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasar Sudan, ta 1957 cewa ta yi sai ka nuna kakanninka na ƙasar tun kafin 1898. Mutum an haife shi nan, an haifi ubansa nan, amma ba takarda. Duk inda ake rubuta suna a littafi gudunsa yake yi, har asibiti.

Ustaz_Bahri:
Baba, a gafarce ni, a nan na saɓa muku kaɗan. Ni na raka mutane da dama asibitin gwamnati a shekarun nan, ban taɓa ganin an tambayi mai tari jinsiyya ba. Tsoron yana zukata, na yarda, amma babban abin da ke hana mutum zuwa shi ne abincin yini. Mai tura kura ko mai yankan farce a kasuwa in ya kwanta wata biyu wa zai ciyar da gidansa? Sai ya daure yana tari yana fita har ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Baba_Gadarif:
Ustaz, ba a tambaya ba a gabanka, amma wanda aka taɓa kamawa a kasha, wato samamen 'yan sanda, ba ya tsayawa bambance ofis da ofis. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganarka ta abincin yini kuwa gaskiya ce, ban musa ba.

Bakon_Makka:
Daga Makka nake bin ku. Kakannina ta Sawakin suka ƙetaro, sun yi zaman karantina kafin su hau jirgin ruwa. Abin da kuke ba da labari kamar a Jarwal da Shari' Mansur ake yi: ɗakuna a kan dutse ba taga, mai iƙama da marar iƙama a cushe. A nan tsoron da Baba ya faɗa ba zato ba ne, wanda ba shi da takarda yana ganin ƙofar asibiti ita ce ƙofar tarhil, wato a kore shi daga ƙasar. Gwaggona har ta rasu "hasasiyya", wato alaji, ake cewa tana da ita.

Direban_Lori:
Bari in ba da nawa, don ni da ƙafata na shiga na fita. A 1994 ina ɗaukar kaya tsakanin Bur Sudan da Khartum tari ya kama ni. Aka gwada aka ce tibi. Allura sittin aka rubuta mini, kullum ɗaya wata biyu, sannan ƙwayoyi. Kafin allurar ta ƙare na ji garau, ci ya dawo, na yi ƙiba. Na ce me ya rage? Na ajiye ƙwaya na koma kan hanya. Wata bakwai ya dawo mini fiye da na farko, kuma a tsakanin nan na shafa wa yaron motata, wanda ke kwana tare da ni a gaban mota gilashi a rufe. Shi ne abin da har yau ke cina. Ya warke, alhamdu lillahi, amma shekara guda ya rasa ta aikinsa saboda gaggawata. Zagaye na biyu aka sake mini allura, kunnena na hagu tun daga nan bai koma daidai ba. Duk wanda ke kan magani, don Allah ya kai shi ƙarshe.

Dalibar_Likita:
Allurar nan sitireftomaisin ce, Kawu, ita ce maganin tibi na farko, an samo ta a 1943, kuma sananne ne tana taɓa ji. Kafin ita babu magani sai hutu da abinci da iska, kusan rabin waɗanda ciwon ya kama ba sa tashi. Aisoniyazid ya zo a 1952, rifamfisin a shekarun 1960. Yanzu mai tibi na yau da kullum ba ya buƙatar allura. Wata shida ne: biyun farko magani huɗu a haɗe, huɗun ƙarshe magani biyu. Fitsari kan yi ja saboda rifamfisin, kada a tsorata. Bayan kamar mako biyu da fara sha yadda ya kamata haɗarin shafa wa wani na raguwa ƙwarai. Yankewa a tsakiya kuwa shi ke haifar da mai bijire wa magani, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala.

Dan_Damazin:
Mu a wajenmu nonon raƙumi ake ba mai wannan ciwo, a kai shi wajen makiyaya ya yi wata uku, kuma na ga waɗanda suka dawo da ƙiba.

Mumarrid_Madani:
Ƙibar gaskiya ce, ɗan'uwa, mutum ya bar cunkoso ya samu iska da abinci dole jiki ya murmure. Amma nono ba ya kashe ƙwayar. Kuma ɗanyen nono na da nasa haɗarin, akwai tibin shanu da ake ɗauka ta madarar da ba a tafasa ba, yakan fito da ƙululu a wuya ko ya kama hanji. A sha nono a tafashe, a sha magani tare. Tunda an zo nan, masu doro da muke gani a da, da yawansu tibin ƙashin baya ne ya lanƙwasa su, mutane na cewa aljani ne ya taka su.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri zan fitar da ku daga tarihi. Muna zaune a wata makaranta a Kasala tun da muka baro Khartum, iyali biyar a aji ɗaya. Akwai dattijo a cikinmu da yake shan maganin tibi kafin yaƙi, ya yanke masa a hanya. Yanzu ɗana ɗan shekara huɗu ya kusa wata yana tari, ba ya cin abinci, jikinsa da ɗumi da yamma. Ina jin nauyin in yi magana kada a ce na tozarta tsoho.

Mumarrid_Madani:
'Yar'uwa, gobe da safe ki kai yaron asibiti, kada ki jira jibi. Ki faɗa wa likita ƙarara cewa kuna kwana aji ɗaya da mai tibin da ya yanke magani, wannan bayanin shi zai sa a duba shi ta hanyar da ta dace, don yara ba sa iya fitar da majina kamar manya. Tarin da ya wuce mako biyu gwaji yake so. Ɗayan yaron ma ki tafi da shi ko ba ya tari, akwai maganin kariya da ake ba ƙananan yara da suka zauna da mai ciwon. Dattijon kuma ki samu babban namiji a ajin ya yi masa magana a keɓe ya raka shi. Inda akwai na'urar GeneXpert, cikin sa'o'i kaɗan take nuna ciwon, ta kuma nuna ko ya bijire wa rifamfisin. Maganin tibi a cibiyoyin gwamnati kyauta ake ba da shi. Tagogin ajin a bar su a buɗe ko da dare.

Hajiya_Ingaz:
'Yata, jin nauyin nan shi ya binne mini miji da ɗiya. Tashi ki tafi.

Uwar_Biyu:
To Inna. In sha Allahu da sassafe.

Jikan_Ishash:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na karanta wa Kaka saƙon Hajiya_Ingaz daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, can ta ce ita ma jan zare aka ɗaura wa kofin mijinta. Daga nan ta ƙaro mini mutum huɗu da ba ta faɗa ba da farko, har da yayarta. Sha ɗaya ke nan a layi guda. Ta ce dukansu daga gida aka kai su makwanci, ba takardar likita. Shi ne nake tunani, me zai hana kowa a zauren nan ya zauna da tsohon gidansu ya rubuto na layinsu, shekara da yawan mutane, mu tara? Tsofaffin nan in suka tafi lissafin ya tafi da su.

Tela_Sajjana:
Ɗana, niyyarka mai kyau ce amma ka yi hattara. Kai da kanka ka ce ana neman ɓata auren ƙanwarka da wannan magana. In ka jera gidaje a rubuce, ka ba masu gori takarda a hannu. Mamatan nan suna da jikoki 'yan mata.

Dalibar_Likita:
Ana iya yi ba suna, Kawu, layi da shekara da namiji ko mace kawai. Sai dai a sani ba duk mai tari da rama ne tibi ya kashe ba. Akwai ciwon zuciya, akwai dajin huhu, akwai ƙurar kamina da ta injin gurzar auduga. A rubuta alamun yadda tsoho ya faɗa, kada mu sa wa kowa sunan ciwo daga baya.

Ustaz_Bahri:
A Ishash in ka ce layi kaza shekara kaza, ai ka faɗi gidan. Ina tare da Tela a wannan.

Mai_Agashe:
Na ji bayanin Dalibar_Likita, kuma maganar Hajiya ta shige ni. Amma ba zan ɓoye muku ba, in ɗana ne zai auro daga gidan da aka yi mutuwa uku, sai na ce a je a yi hoton ƙirji tukuna.

Mumarrid_Madani:
Hoton ƙirji ba laifi ba ne, Malam, in dai ango ma zai tsaya gaban na'urar. Yarinyar da ba a haife ta ba lokacin da mijin kakarta ya rasu, ba ta fi ɗanka kusa da ciwon ba.

Hajiya_Ingaz:
Ni a rubuta nawa. Namiji ɗaya, 1981, jaririya ɗaya a shekarar. A sa kuma mace ɗaya da ta warke.

Jikan_Ishash:
Na rubuta, Hajiya. Kawuna zai je wajen mutanen yaron ranar Juma'a bayan sallah, Kaka ta ce da ita za a je. Uwar_Biyu, muna jiran labarin yaro.